Sai an Gwada Akan San na Ƙwarai, To Amma da Wa Za a Gwada?

A cikin watan Maris na shekarar 2020, lokacin ina ɗan sakandare, aka rufe makarantu saboda annobar korona, na tattara 'yan littattafaina na koma gida Kiyako, a ƙasar Birnin Kudu. Ba a daɗe da kama azumi ba sai Baffana, wanda ke fataucin hatsi zuwa Kano, ya kwanta da zazzaɓi da tari, har numfashinsa ya soma sarƙewa. Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na durƙusa gabansa na ce, "Baffa, a daure a je asibitin Birnin Kudu." Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, bokonka bai kai ka sanin duniya ba tukuna. Su da bakinsu suka faɗa a rediyo cewa ciwon nan ba shi da magani. To wanda ba shi da magani, me zai yi da ni in ba gwaji ba? Ba da kaina za a koyi aski ba."

Haka muka yi jinyarsa a gida. Goggo ta yi ta yi masa sirace da tazargade, yayana ya sayo kulorokwin a kemis, wani maƙwabci kuma ya kawo haɗin citta da tafarnuwa da zuma. Bayan mako uku Baffa ya miƙe. Har yau ɗin nan, in zancen ya taso, kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku cewa yake yi nasa maganin ne ya yi aiki. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, abokin fataucin Baffa, wanda suka kwanta kusan rana ɗaya, shi ma duk ya sha waɗannan abubuwa, amma bai tashi ba. Babu wanda ya auna su, babu wanda ya rubuta kome, saboda haka ba mu san abin da ya kama su ba, balle abin da ya bambanta su.

Wannan ne ya bar mini tambayar da nake so mu tattauna a wannan 'yar maƙala. Shin ya dace likita ya yi bincike a kan majinyacin da ya zo neman ceto a tsakiyar annoba? Ko kuwa gaskiyar Baffa ce, aikin likita ya ba da magani kurum, gwaji kuwa cin amana ne?

Kafin mai karatu ya yi wa Baffa dariyar ƙauyanci, ya kamata ya san cewa tsoronsa yana da tushe. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta kashe dubban mutane. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana da ke Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, kusan rabinsu aka ba sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba da shi. Yara 11 suka mutu, waɗansu kuma suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ko ma yaya gaskiyar take, tabon ya zauna, kuma yana cikin abubuwan da mutane suka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Baffa bai san sunan kamfanin ba, amma labarin ya iso masa.

To amma akwai abin da Baffa bai lura da shi ba, ni ma sai daga baya na gane shi. Da ya ƙi zuwa asibiti, bai tsira daga gwaji ba. Mu da kanmu muka yi gwaji da shi a cikin ɗakinsa. Goggo ba ta san ko tazargade na maganin korona ba, yayana ma bai san ko kulorokwin zai amfane shi ko zai taɓa masa zuciya ba. Idan cuta sabuwa ce, duk abin da aka ɗura wa majinyaci gwaji ne, ko a asibiti ko a zaure. Bambancin kawai shi ne, akwai gwajin da ake rubutawa a ƙirga a koyi darasi, akwai kuma wanda ake yi cikin duhu, ya wuce bai bar wa kowa ilimi ba.

Ba mu kaɗai muka yi irin wannan ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A watan Maris na 2020, bayan Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yaba kulorokwin, mutane suka yi rububin sayensa, har hukumomin lafiya a Legas suka ba da sanarwar an kwantar da waɗanda suka sha ya wuce kima. Ƙasar Madagaska ta fito da wani jiƙo na dangin tazargade, aka kawo shi Nijeriya a watan Mayu, masana harhaɗa magunguna na Abuja suka duba, ba su sami hujjar cewa yana warkar da korona ba. Likitoci da yawa a ƙasashen duniya, da kyakkyawar niyya, suka riƙa bai wa majinyata duk abin da suka ji an yaba. Mafi yawan masu korona suna warkewa ko an ba su magani ko ba a ba su ba, saboda haka kowane magani sai ya sami masu yi masa shaida, kamar dai yadda Goggo ke yi wa nata.

Yanzu bari mu duba ɗaya hanyar. A watan Maris ɗin nan dai, waɗansu likitoci a Jami'ar Oksfod ta Ingila, ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray, suka shirya wani babban bincike a asibitocin ƙasarsu. Duk majinyacin da aka kwantar, sai a yi masa bayani a nemi yardarsa. In ya yarda, sai a jefa ƙuri'a da kwamfuta: ko dai a yi masa jinyar da aka saba ita kaɗai, ko a ƙara masa da ɗaya daga cikin magungunan da ake zato. Kafin wata uku su cika aka sami amsa biyu. Ranar 5 ga Yuni suka bayyana cewa haidiroksikulorokwin, wato ƙanwar kulorokwin, ba ta rage mutuwa ko kaɗan. Ranar 16 ga Yuni kuma suka bayyana sakamakon wani tsohon magani mai araha, deksametason. Mutum 2,104 aka ba shi, aka kwatanta su da 4,321 da ba a ba su ba. Cikin waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi ya rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku, cikin masu shan iskar oksijin kuwa da kashi ɗaya bisa biyar. Waɗanda ciwonsu bai kai ga buƙatar iska ba, bai amfane su da kome ba.

Dalilin haka shi ne, idan ciwon ya yi nisa, ba ƙwayar cutar kaɗai ke yin ɓarna ba. Garkuwar jikin mutum ce ke yin faɗan da ya wuce gona da iri, har huhu ya kumbura ya kasa ɗaukar iska, shi kuwa wannan magani sai ya lallashe ta. In an ba da shi da wuri, ai an kwance wa jiki ɗamara ke nan tun yana tsakiyar yaƙi. Likitocin cututtukan cikin jiki, wato waɗanda ke jinyar manya da magani ba da fiɗa ba, da yawansu gudun irin wannan magani suke yi a farkon annobar, don suna tsoron ya ƙara wa cutar ƙarfi. Basirar likita ɗaya, kome ƙwarewarsa, ba za ta iya gano wannan ba daga mutum goma ko ashirin da ya duba. Sai da aka tara dubbai aka ƙirga.

Na san mai karatu zai ce, "To ai nan gizo ke saƙa. Yaya za a jefa ƙuri'a a kan ran mutum? Waɗannan 4,321 da aka hana maganin, ba a zalunce su ba?" Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba na son in tsallake ta. Amsata ita ce, zalunci shi ne ka hana mutum abin da ka san zai amfane shi. A ranar da aka jefa musu ƙuri'a, babu mahalukin da ya san ko maganin ceto ne ko halaka. Waɗanda ƙuri'a ta hana wa haidiroksikulorokwin ai ba su yi asarar kome ba. Likitan da bai sani ba, ya kuma ce bai sani ba, ya fi gaskiya bisa wanda ya rubuta magani da ƙarfin hali alhali zato kawai yake yi. Amma wannan hujja tana da iyaka: ranar da aka sani, ƙuri'a ta haramta. Haka kuwa aka yi, don daga ranar da sakamakon ya fito aka mayar da maganin na kowa da kowa cikin masu buƙatarsa.

Mu kuma me muka samu a namu ɓangaren? A Afrilun 2020 maƙabartun Kano suka cika da sababbin kaburbura, aka rasa manyan malamai da dattawa, ana ta gardama a kan musabbabi. Gwamnatin Tarayya ta aiko da ayari ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo. Da yake an riga an binne mamatan, sai dai aka bi iyalansu da tambaya a kan yadda ciwon ya kasance. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, fiye da rabinsu a gida suka rasu, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadinsu. A lura da kalmar "mai yiwuwa". Iyakar abin da bincike zai iya ke nan idan ya zo bayan jana'iza. Kakanninmu sun ga irin wannan a shekarar marisuwa, wato murar 1918, suka binne nasu ba su san kome ba. Su suna da uzuri. Mu fa?

Saboda haka, a nawa ɗan tunanin, bincike a lokacin annoba wajibi ne a kan likita, domin majinyacin gobe ma amana ne a wuyansa. Sai dai bai halatta a sayi lafiyar na gobe da mutuncin na yau ba. Dokoki suna nan a rubuce, tun daga Sanarwar Helsinki ta 1964 har zuwa ƙa'idar binciken lafiya da Nijeriya ta fitar a 2007, amma takarda ba ta tsare kowa in zuciya ba ta tsare shi ba. Ni sharuɗɗa huɗu nake gani. Na farko, a yi wa mutum bayani da harshen da yake mafarki da shi, ba a miƙo masa takardar Turanci a ce ya dangwala ba. Na biyu, in ya ce a'a, kada jinyarsa ta ragu ko da ƙwayar zarra. Na uku, kada mai bincike ya sa ɗan wani cikin abin da ba zai sa mahaifiyarsa ba. Na huɗu, in an gama a dawo a gaya wa mutane abin da aka gano, in kuma maganin ya yi kyau ya iso gare su a farashin da za su iya. Wanda ya ɗebi jinin mutane ya hau jirgi ya tafi, bai yi bincike ba, fatauci ya yi.

Mu ma talakawa akwai namu nauyin. Duk wanda aka ba deksametason a Kano ko Dutse ko Birnin Kudu ya tashi, to ya ci bashin waɗansu mutane ne da bai taɓa gani ba, waɗanda suna kwance numfashi na gagararsu suka ce sun yarda. Bai kyautu kullum mu zama masu cin girbin gonar da ba mu yi noma a cikinta ba. Daɗin daɗawa, jikinmu da abincinmu da cututtukan da ke tare da mu ba lalle su yi daidai da na mutanen Ingila ba, saboda haka amsar da aka samo a can ba kullum za ta wadatar da mu ba. Mu ɗaliban Hausa kuwa, aikinmu a fili yake. Wa zai samo kalmomin da za a bayyana wa tsohuwa ma'anar ƙuri'ar bincike har ta gane, ta yarda ko ta ƙi bisa sani, in ba mu ba?

Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona. Amma tsakanin marisuwa da korona an ga waɗansu murorin, kuma babu mai cewa wannan ce ta ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarda tsakanin likita da jama'a yanzu ne lokacin gina ta, tun ana zaune lafiya.

Da na je hutun da ya wuce, na zauna da Baffa a ƙofar gida na kwashe duk wannan bayani na faɗa masa. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Na ji. Ko wanzamin da ke yi mini aski yau, ai da kan wani ya koya. Amma ka gaya wa likitocin naku, in suna son kaina, su yi sallama tukuna, su nuna mini askar." Ban sami abin da zan ƙara a kan wannan ba. Allah ya kiyashe mu da annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.