Sunayen da Ba Sa Kan Faifai

Faifan garmaho ba ya son wasa. Da ƙaron wani ƙwaro da ake samu a Indiya da Tailan ake haɗa shi, yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kowace fuska kuma ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. Idan ya faɗi ya fashe kamar tangaran. Idan an saurare shi, allurar ƙarfe ta ɗan ci jikinsa. Shi ya sa mu masu aikin kwamfuta muke ganin kwafe shi zuwa na'ura ceto ne da ba ya buƙatar muhawara.

To amma me muka ceto, kuma wa muka ceto wa?

Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa. A shekarun 1960 David Ames ya naɗi kaɗe-kaɗen Hausa a ƙasar Zazzau. Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya tara nasa. Kiɗanmu kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Bayan Narambaɗa akwai masu kotso da 'yan amshi, bayan Shata akwai masu kalangu, a ƙofar fada akwai kakaki da algaita da tambura, kowa da gurbinsa. Amma takardar da ke tsakiyar faifai ƙarama ce: sunan kamfani, lamba, sunan uban kiɗi. Sauran sun shiga cikin sautin ba suna.

Mu kuma muka zo muka ƙara. Duk wanda ya taɓa ba mai tura waƙoƙi mimori a Kwanar Dangora ko kasuwar Tudun Wada ya san yadda abin yake dawowa: waƙa ɗari, rabi babu suna, wasu an liƙa wa Shata alhali ba nasa ba ne. Sauti ya tsira, asali ya ɓace. A wajen aikinmu, bayanin da ba a san tushensa ba shara ake ɗaukarsa, amma da ya zama muryar kakanninmu sai mu ce ai dai akwai ta.

A Amurka, Internet Archive ta kwafe dubban irin waɗannan fayafayai ta zuba a intanet kyauta, sai manyan kamfanonin waƙa, ciki har da Universal da Sony, suka kai ta kotu a 2023. Rigimar tsakanin mai adanawa ce da mai takardar mallaka. A namu yanayin akwai na uku, wanda ba shi da lauya: iyalin makaɗin.

Nan ne abin yake da nauyi. A ɗauka an sami faifai a ƙasan adakar wata tsohuwa a Riruwai, kuma wani dattijo a Doguwa ya gane cewa mai ganga na biyu mutumin garinsu ne. Jika ɗaya zai so a rubuta sunan, ya ji hannun kakan da bai taɓa gani ba. Wani jikan, wanda yanzu malami ne, ba ya son a tuna cewa gidansu gidan roƙo ne. Waƙar ma wataƙila akwai zambo a cikinta, kuma zuriyar wanda aka yi wa tana nan da rai, da waya a hannu. An rera ta ne don wani dandali, a wani dare, ba don duniya ba.

Ba mu ga cewa wannan ya isa a bar faifan ya ruɓe ba. A kwafe shi yau, da ƙarar allurar da komai, a ajiye asalin ba tare da an wanke shi da manhaja ba. Amma kwafewa daban, yaɗawa daban, kuma tsakaninsu akwai tafiya: a sa sautin a waya, a bi hanyar Jos ta dajin Falgore, a zauna da tsofaffi a kunna musu, a rubuta wanda suka gane, a tambayi gidansa. Faifan da ya kai shekara 90 zai iya jiran wata biyar idan an kiyaye shi daga rana. Dattijon da zai ji taken ya ce "wannan hannun wane ne" shi ne ba mu da tabbacin samu baɗi.