Waƙar da Ba Ta Kai Aya ta 15 Ba

Karatu: 2 Sama'ila 13:1-22
Ayar haddacewa: Yakubu 1:14-15

Ku kasa kunne ga waƙoƙin soyayyar da ke tashi a shagon cajin waya, ko a wayar ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ku daga Kambaza zuwa Gwandu. Yawancinsu kukansu ɗaya ne. Mawaƙin ba shi da lafiya. Ba ya iya cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya rame, kuma duk duniya mutum ɗaya ce ke riƙe da maganinsa, wato yarinyar da yake wa waƙar. In ta ƙi, alhakinsa yana wuyanta.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Wajen shekara 3,000 da suka wuce, Amnon ɗan farin Sarki Dawuda ya kamu da shi saboda Tamar, ƙanwarsa da suke uba ɗaya. Kullum safiya sai a gan shi a yamutse. Da a zamaninmu ne, da an sa masa kiɗa mai taushi, kowa ya tausaya masa.

Amnon yana da aboki, Yonadab, ɗan ɗan'uwan Dawuda, mutum mai wayo ƙwarai. Yonadab bai taɓa Tamar ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ɗauki sha'awar da ke kwance a zuciyar Amnon tana jin kunya, ya ba ta ƙafafu. Ya ce masa ya kwanta kamar marar lafiya, ya roƙi sarki a aiko Tamar ta yi masa abinci a gabansa. Yau Yonadab ba ya bukatar ya tako zuwa gidanka. Yana cikin memorin da aka cika maka da waƙoƙi, yana kunnenka a gona, yana kunnenki kina wanke-wanke. Aikinsa bai canja ba. Yana koya wa saurayi kalmomin da zai faɗa, yana kuma koya wa budurwa cewa wanda ya fi kuka shi ya fi ƙauna.

Kun karanta abin da ya biyo baya. Tamar ta kwaɓa gari, ta toya waina, ta kawo. Amnon ya sallami kowa daga ɗakin. Ta roƙe shi, ta tuna masa da sunan Isra'ila, ta tambaye shi ina za ta kai kunyarta. Bai saurara ba, ya fi ƙarfinta. Nan aya ta 14 ta tsaya, kuma nan waƙoƙin suke tsayawa: ya samu abin da yake so, kiɗa ya ƙare, a sako wata.

Maganar Allah ba ta tsaya nan ba. Aya ta 15 ta nuna mana cewa nan take ƙiyayya ta cika Amnon, ƙiyayyar da ta zarce son da yake cewa yana yi mata. Mutumin da ya rame saboda ita yanzu ko sunanta ba ya iya kira. Ya sa baransa ya fitar da ita, ya kulle ƙofa. Ta zuba toka a ka, ta yaga doguwar rigar da 'yan matan sarki budurwai ke sawa, ta ɗora hannu a ka, ta tafi tana kururuwa. Wane mawaƙi ne ya taɓa rera sakatar ƙofar nan? Na sani akwai waƙoƙin yaudara, masu kukan an ci amana. Amma ku lura, da kiɗa iri ɗaya ake rera su, har raunin ma ya zama abin rawa a wurin biki, kuma maganin da suke bayarwa shi ne a nemi wani masoyin. Manzo Yakubu ya kwatanta sha'awa da mace mai ciki: abin da za ta haifa zunubi ne, jikanta kuwa mutuwa. Bayan shekara 2 Absalom ya sa an kashe Amnon a wurin sausayar tumaki.

Kada wani ya ce mai bishara ya haramta soyayya. Allah ne ya yi namiji da mace, kuma a tsakiyar Littafi Mai Tsarki akwai Waƙar Waƙoƙi, wadda ta yabi kyan jiki ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amma sau uku, a 2:7 da 3:5 da 8:4, ta gargaɗi 'yan matan Urushalima kada su farkar da ƙauna lokacinta bai yi ba. Wutar da ke dafa tuwo a murhu ita ce ke cinye rumbu in ta kama danni. Damuwata da waƙoƙin nan ita ce suna hura wuta a zuciyar yarinya 'yar shekara 13, wadda ke rera turancin da ba ta ma san fassararsa ba, mu iyaye muna dariya wai ta iya.

Hukuma ta gwada nata. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, a 2022 kuma hukumar NBC ta hana gidajen rediyo da talabijin saka waƙar "Warr" ta Ado Gwanja. To, amma NBC ba ta da iko da Xender, ba ta kuma kwana a ɗakin ɗanka. Ɗanmu da ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke hanyar Kalgo zuwa Bunza, ko 'yarmu da ta tafi karatu Aliero, ba fasto a gefensu da dare. Mai tacewar da zai bi su can shi ne Ruhu Mai Tsarki, in sun ba shi wuri. Saurayi, ɗauki wayarka yau, ka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kowace: in na aikata abin da kike faɗa, wa za a fitar a kulle wa ƙofa? Wadda ta kasa ba ka amsa, share ta.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayin ikilisiya, kuma ya fi mini nauyi. Tamar ba ta yi laifin komai ba, amma ita ce ta ƙare a kaɗaice a gidan Absalom. Wanta ya ce ta yi shiru. Mahaifinta ya husata, amma bai hukunta Amnon ba. Sau nawa muka yi haka? Ciki ya fito, an dakatar da yarinya daga ƙungiyar mawaƙa, an mai da ita bencin baya, shi kuwa yana nan yana buga ganga ran Lahadi. Zumuntar Mata, dattawa, wannan ba shari'ar Allah ba ce.

'Yar'uwa, in ƙarfinki aka fi, zunubin ba naki ba ne, kada ki ɗauki tokar wani a kanki. Ki faɗa wa wata uwa mai tsoron Allah, mu kuma wajibinmu ne mu tsaya miki har gaban hukuma. In kuwa da yardarki ne, ko da yardarka ɗan'uwa, ku buɗe Yahaya sura 8. Matar da aka jawo gaban Yesu an kawo ta ita kaɗai, namijin ya ɓace. Yesu bai jefe ta ba, bai kuma ce abin da ta yi daidai ne ba. Ya sallame ta da rai, da umarnin ta rabu da zunubi. Jininsa yana wankewa har yau.

Addu'a: Ya Uba, ka tsarkake kunnuwana. Kowace muryar Yonadab da ta samu masauki a zuciyata, na kore ta cikin sunan Yesu. Ka tsare 'ya'yanmu da ke makarantu a Kalgo, Aliero da Birnin Kebbi. Ka ziyarci kowace Tamar da ke zaune shiru a gidajenmu, ka ba mu ƙarfin hali mu buɗe mata ƙofa. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.