Gidan da Ba na Kowa Ba

A Amurka, wanda ya ƙuduri niyyar sayar da gidansa yakan ji shawara iri ɗaya daga bakin kusan kowane dillali: rage kaya, sannan ka cire kanka. Rage kaya yana nufin a kwashe tarkace, a bar ɗakuna su sha iska, a fitar da rabin abin da ke cikin durowa domin mai saye ya ga kamar wuri ya wadata. Cire kai kuwa shi ne a sauke hotunan iyali daga bango, a ɓoye takardun shaidar karatu da kayan ibada, a ɓamɓare zanen yara daga ƙofar firji, a shafe fentin da mai gida ya zaɓa da wani fari ko ruwan toka wanda ba ya ɓata wa kowa rai. Hujjar ita ce mai saye ya iya hango kansa a cikin gidan, kuma ba zai iya ba muddin fuskokin wasu na kallonsa daga bango.

Wannan aiki ya zama sana'a mai zaman kanta. Ana danganta farkonta da wata dillaliya mai suna Barb Schwarz a jihar Washinton, wadda tun 1972 ta fara kiran aikin da kalmar da ta samo asali daga dandalin wasan kwaikwayo, wato a shirya gida kamar yadda ake shirya fage kafin 'yan kallo su shigo. A yau akwai kamfanonin da ke ba da hayar kujeru da gadaje da tukwanen furanni na 'yan makonni, akwai kuma manhajojin da ke dasa kayan ɗaki a cikin hoton ɗakin da babu ko tabarma. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: mene ne mutum yake yi, ta fuskar ɗabi'a, idan ya share alamun rayuwarsa domin ya samu farashi mai kyau? Ladabi ne ga baƙo, ko yaudara ce, ko wani abu na daban?

A ganina, abubuwa uku ake cirewa daga gidan sayarwa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne, duk da cewa dillali yakan lissafa su a takarda guda.

Na farko tarkace ne. Tsofaffin jaridu, takalman da yara suka fi ƙarfinsu, na'urar motsa jikin da ta koma wurin rataye kaya. Babu wani laifi a kwashe waɗannan. Mai saye bango da rufi da fili zai biya wa kuɗi, yana da haƙƙin ya gan su. Ko a kasuwar kauye, mai tallar ƙwarya yakan wanke ta kafin ya fito da ita. Sau da yawa ma kwashe tarkace yana ƙara gaskiya a ciniki, domin tsagewar da ke bayan tulin kwalaye sai an ɗauke kwalayen take bayyana.

Na biyu aibi ne. A nan zancen ya tsufa ƙwarai. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, Cicero na Rum ya kawo misalin wani mutumin kirki da zai sayar da gida mai illolin da shi kaɗai ya sani: ana ɗauka wurin lafiya ne alhali yana sa ciwo, katakonsa ruɓaɓɓe ne, ginin na dab da faɗuwa. Ya kawo ra'ayin malamai biyu. Ɗaya ya ce ai mai gida bai tilasta wa kowa saye ba, kuma yin shiru daban yake da yin ƙarya. Ɗayan ya ce barin mutum ya faɗa rami kana gani ya fi ƙin nuna wa matafiyi hanya muni. Cicero ya goyi bayan na biyun. Mai karatu Bahaushe ya san wannan hukunci ta wata ƙofar, daga hadisin mai sayar da hatsin da ya bar busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa, da kuma babin fiƙihu da ya bai wa mai saye damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Dokar Amurka ma ta bi wannan sawu. Tun bayan wata dokar tarayya ta 1992, mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 dole ne ya bayyana abin da ya sani game da fenti mai gubar dalma a cikinsa, kuma jihohi da yawa suna da takardar da mai gida ke cikawa game da yoyo da ambaliya da gara. Wanda ya shafa sabon fenti a kan tabon yoyo, ko ya shimfiɗa darduma a kan ruɓaɓɓen daɓe, ya fita daga babin kwalliya ya shiga babin algus, ko da dillali ya kira abin da suna mai daɗi.

Na uku shi ne mai wuyar, wato mutumin kansa. Hoton bikin aure ba tarkace ba ne, ba kuma aibi ba ne. Bai hana kowa ganin bango ba, bai rage wa rufi ƙarfi ba. To me ya sa saukar da shi zai ƙara wa gida daraja?

Amsar dillalai tana da ƙamshin gaskiya. Mutum yana jin nauyin buɗe durowar wanda yake kallon hotonsa. Yana jin kansa kamar ɗan leƙen asiri a gidan mutane, sai ya yi sauri ya fita. Sauke hotuna kuma kariya ce ga masu gida, tunda hotunan cikin ɗakuna kan hau shafukan talla irin su Zillow, inda kowa zai iya ganin fuskar yaro da sunan makarantarsa. Akwai ma wata fa'ida ga zuciyar mai sayarwa: ranar da ya sauke hoton mahaifiyarsa daga inda ya shekara ashirin, ranar ya fara yin ban-kwana. Gida wurin zama ne kafin ya zama haja, kuma ɗan Adam yana bukatar wani aiki na hannu da zai raba masa tsakanin biyun.

Da a nan zancen ya tsaya, da sai a ce ladabi ne kawai. Amma wasu labarai da suka fito daga Amurka a 'yan shekarun nan sun nuna wata fuskar. A 2020, a birnin Jacksonville na jihar Fulorida, wasu ma'aurata, matar baƙar fata, mijin farar fata, sun nemi sabunta rancen gidansu. Mai ƙiyasta daraja ya zo ya ce gidan dala 330,000 ne. Matar ta sauke hotunan danginta, ta kwashe littattafan marubuta baƙar fata, ta fita da ɗansu, ta bar mijin shi kaɗai ya tarbi mai ƙiyasi na biyu. Sai aka ce dala 465,000. A wannan shekarar dai, a Marin City ta jihar Kalifoniya, an ƙiyasta gidan wasu ma'aurata baƙar fata a kan dala 995,000. Suka kwashe hotuna da kayan adon da ke nuna asalinsu, suka roƙi wata ƙawarsu farar fata ta tsaya a matsayin mai gida. Ƙiyasi na biyu ya kai dala 1,482,500. Sun shigar da ƙara a 2021, aka sasanta a 2023.

Mai shakka zai iya cewa masu ƙiyasi biyu kan saɓa ko da babu son zuciya, kuma labari biyu ba su isa hujja ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai a 2021 kamfanin Freddie Mac, wanda ke sayen basussukan gidaje, ya duba ƙiyasi sama da miliyan 12 na cinikin gidaje, ya ga kashi 12.5 cikin ɗari na gidajen unguwannin da baƙar fata suka fi yawa an ƙiyasta su ƙasa da farashin da aka yi ciniki a kai, alhali a unguwannin farar fata kashi 7.4 ne. A shekarar ce kuma gwamnatin Joe Biden ta kafa kwamiti na musamman kan wannan matsala. Duk wannan yana faruwa ne fiye da shekara hamsin bayan dokar 1968 da ta haramta wariya a harkar gidaje, wadda Lyndon Johnson ya sa wa hannu mako guda bayan kisan Martin Luther King.

Abin lura shi ne, waɗannan iyalai ba su ƙirƙiro wata sabuwar dabara ba. Shawarar dillali ta yau da kullum suka bi har ƙarshenta. Wannan ya sa dole a sake duba jimlar nan ta "mai saye ya hango kansa". Wane mai saye? A aikin rubuta manhaja muna da abin da ake kira saitin asali, wato yadda na'ura ke zuwa kafin mai ita ya taɓa komai. Yawancin mutane suna ɗaukar sa kamar haka Allah ya halicci na'urar. Amma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ake yanke irin wannan shawara ya san wani ne ya zaɓi harshen, ya zaɓi tsarin kwanan wata, ya yanke cewa kowane mutum yana da sunan farko da sunan dangi, bisa ga mutanen da ya saba gani. Ɗakin da aka ce "ba na kowa ba ne" shi ma haka yake. Farin bango da kujera ruwan toka da tulun furanni ɗanɗanon wasu mutane ne takamaimai, waɗanda suka daɗe suna riƙe da kasuwa har ɗanɗanonsu ya daina kama da zaɓi. Wanda gidansa dama ya yi kusa da wannan tsari, hotuna kaɗan zai sauke. Wanda ke da dardumar salla da ƙamshin daddawa a kicin da zanen kakanni a falo, rabin rayuwarsa zai zuba a kwali. Shawara ɗaya aka ba su, amma kuɗin da kowa ya biya ya sha bamban.

Ilimin kwamfuta yana da wani darasin da ya dace da wurin nan. Masaniya Latanya Sweeney ta nuna, ta amfani da ƙidayar 1990, cewa kusan kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ana iya gane su da abubuwa uku kacal: lambar yankin gidan waya, ranar haihuwa, da jinsi. Goge suna daga bayanai bai isa ya ɓatar da mutum ba. Haka gida yake. Ana iya sauke hoto, amma ba a iya sauke adireshi. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane, ta shafa wa unguwannin baƙar fata da na baƙin haure jan launi a matsayin wuraren da ba da rance ke da haɗari. Mai ƙiyasi yana auna gida ne da farashin gidajen maƙwabta da aka sayar, don haka tsohon ragi yana haifar da sabo. Share kai yana iya ceton iyali guda a rana guda, unguwar kuwa tana nan inda aka bar ta.

To mai gidan da ya share kansa, ya yi laifi? Ban ga laifinsa ba. Ya ɓoye abin da mai saye ba shi da haƙƙin sani tun farko. Ma'aunin da ya raba babi na biyu da na uku shi ne: abin da aka ɓoye zai bi gidan ne, ko zai bi mai gidan? Yoyo zai zauna ya jira sabon mai gida, shi ya sa ɓoye shi zalunci ne. Addini da launin fata da yawan 'ya'ya za su shiga mota tare da mai su ranar tashi. Wanda ya rufe su bai tauye wa kowa komai ba. Ga iyalai da yawa a Amurka gida shi ne mafi girman abin da suka mallaka, shi ne kuɗin makarantar 'ya'ya da guzurin tsufa. Ba adalci ba ne a nemi su yi asarar dala dubu ɗari domin su koya wa kasuwa tarbiyya. Wanda kuma ya ce hoton kakarsa ba zai sauka ba ko da farashi zai faɗi, shi ma ya yi abin da za a girmama, kuma babu mai hurumin kiran sa wawa.

Nauyin yana kan masu kallo. Mai ƙiyasin da alƙalaminsa ke sauka idan ya ga baƙar fuska, da mai sayen da ɗakin salla ke sa ya ji gidan ya fita daga ransa, da dillalin da ya san dalilin shawararsa amma ya lulluɓe ta da zancen ado, su ne ya kamata a tambaya. Ma'auratan Marin City sun yi wani abu da ya wuce ceton kuɗinsu: sun mayar da share kai gwaji, suka riƙe takardun ƙiyasi biyu, suka kai su gaban kotu. Da sun karɓi ƙarin sun yi shiru, da babu wanda zai zarge su, amma da maƙwabcinsu na gaba zai sake kwashe hotunansa cikin dare ba tare da ya san ba shi kaɗai ba ne.

Gwajin da zan ba mai neman gida mai sauƙi ne. Idan ya shiga gidan da ba a share ba, da hotunan wasu mutane da ƙamshin girkin da bai saba ba, ya tambayi kansa ko farashin da ya yanke a zuciyarsa zai canza da gidan fanko ne. Idan zai canza, to akwai abin da yake saka wa farashi wanda ba ya cikin takardar ciniki.