Hatimi da Amanar Mai Shi

Tun da ɗan Adam ya fara aika maganarsa inda ƙafarsa ba ta kai ba, ya buƙaci alamar da za ta tsaya a madadin fuskarsa. Sinawa sun ba wannan al'amari girma ƙwarai, domin tun zamanin Sarki Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasarsu a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, aka keɓe wa sarki hatimin dutse mai daraja da suna na daban, na hakimai kuwa ake kiransa "yin", daga baya aka riƙa dangwala shi a jar tawada mai kauri a buga a takardar hukuma, har mai zane ma yakan buga nasa a gefen aikinsa.

Mu ma muna da asali a nan. Yayin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa sarakunan Rum da Farisa, aka shaida masa ba sa karanta wasiƙa marar hatimi, sai ya sa aka ƙera zoben azurfa mai ɗauke da sunansa, kana ya hana kowa ya zana irinsa. Zoben nan ya bi hannun Abubakar da Umar, har ya faɗa rijiyar Aris a halifancin Usman. Da hatimi kuma ake gane wasiƙar Sarkin Musulmi idan ta iso masarautu irin Gombe, wadda Modibbo Buba Yero ya kafa a 1804.

To, shin hatimi ne ke gaskata magana, ko mai shi? A ganina hanin nan na Annabi ya yanke mas'alar: hatimi shahada ce, kuma ba a aron shahada. A Dawaki, kamar kowace unguwa, za ka ga mai saye da mai sayarwa sun durƙusa a zaure da takardar cinikin fili, dattijo ya ɗora ta a gwiwa, ya danna hatimin roba, kowa ya tashi hankalinsa kwance, alhali robar nan an sassaƙa ta a kasuwa da kuɗi kaɗan. Mutuncin dattijon suka dogara da shi. Shi ya sa rigimar fili ɗaya mai takarda biyu, kowace da hatiminta, take ba ni tsoro, domin shahadar zur tana cikin manyan kaba'irai.

Ina roƙon duk wanda Allah ya damƙa wa hatimi, mai unguwa ne ko ma'aikacin ofis, kada ya buga shi a kan abin da bai bincika da kansa ba.