TANADIN JEGO: Magana ga Mai Bi Wanda Matarsa Ta ke da Ciki

Ya mai karatu, ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana cikin masu tambayar Hanya tukuna, wataƙila kana tsammani halin Kirista ya ƙare a sujadar Lahadi, da barin giya, da barin tsafi. Waɗannan duka suna ciki. Amma akwai wani wurin gwaji inda jama'a ba su zuwa su yaba maka, watau ɗakin matarka cikin kwana arba'in da ke bin haihuwa. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari ga Timothawus, sura 5, ya lasafta mutumin da ya ƙi kula da mutanen gidansa kamar wanda ya yi musun bangaskiya. Magana ce mai nauyi, ba mu kuwa da ikon rage mata nauyi.

Ka sani kuma idon gari yana kanka. A Tambuwal da Dogon Daji da Jabo, a Kebbe da Kuchi, babu wanda bai san hakkin mai jego a kan mijinta ba: itace, da hatsi, da yaji, da ƙauri. Maƙwabcinka Musulmi yana sauke wannan hakki tun kaka da kakanni. Idan kai ka gaza, ba sunanka kaɗai za a kira ba. Za a ce, ashe haka masu bin Yesu su ke yi da matansu.

Haihuwa ba ta zuwa kamar ɓarawo. Allah ya ba ka wata tara na sanarwa. Abin da ke hana mutane shiri, yawancin lokaci, kunya ce: miji ba ya ambaton ciki, mace tana ɓoyonsa, balle in na fari ne, har ran da naƙuda ta tashi a ga babu ko dami ɗaya na itace a gidan. Kunya ado ce, amma ba ta hura wuta. Ka zauna da matarka ku ƙidaya watanni. In lissafi ya faɗa cikin Yuli ko Agusta, ka tuna lokacin rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, itace a jiƙe ya ke, hanyoyin ƙauye kuwa duk laka. Saboda haka tun da kaka ka ware dammunan gero ka ce, wannan na jego ne, ba na kasuwa ba, ba na biki ba. Itacen kuma ka tara shi da bazara, ka sa a inda ruwa ba ya dukansa. In an cika al'ada, wanka safe da maraice har kwana 40, wanka 80 ke nan, kowane da tukunyarsa a kan wuta. Wanda bai tara ba, matarsa ce za ta fita neman kara da ɗanyen jiki.

Game da abinci, ka tuna abu biyu jikinta ke yi a lokaci ɗaya: yana mai da jinin da ya zuba, yana kuma yin nonon da yaro zai sha, shi kaɗai, har wata shida. Kunu da yaji ba su isa wannan aiki ba. Ka tanadi wake da gyaɗa, da busasshen zogale, da manshanu, ka bar kaji biyu ko uku domin ƙwai. Nama da hanta da kifi su riƙa zuwa kaɗan kaɗan cikin makonnin duka, gama ƙauri na rana ɗaya, wanda rabinsa baƙi ke ci, ba ya gina jikin kowa. Ƙwayoyin ƙarin jini da a ke ba masu awo, ta ci gaba da sha bayan haihuwa kamar yadda aka umurce ta.

Yanzu sai maganar wankan jego da kunun kanwa, inda tsofaffi za su ja da kai. Ba mu ce al'adar duka banza ce ba. Mutanen da suka keɓe wa mace kwana arba'in na hutu da ɗumi da kulawa, ba wawaye ba ne. Amma a cikin shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun lura a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cewa mata da yawa su kan zo bayan haihuwa da kumburin jiki da haki, zuciyarsu ta gaza. Suka ɗora laifin a kan yawan kanwa da yawan zafi, watau tafasasshen ruwa da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a asibitocin Nijeriya ya fi ɗora laifin a kan rama da rashin abinci mai gina jiki da hawan jini na masu ciki. Ko ta wane gefe ka duba, aikinka ɗaya ne. Ka ciyad da ita da kyau. Kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana riƙe ruwa a jiki, don haka a rage ta ƙwarai, mace mai kumburi ko hawan jini kada ta sha ko kaɗan. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda hannunka zai iya daɗewa a ciki. Matan da ruwan jego ya sale wa fata ba su ƙaru da kome ba sai gyambo. Ka faɗa wa surukarka wannan da ladabi, kana durƙushe, tun kafin ranar ta zo, gama gardama a bakin tukunya ba ta yin amfani.

Ka sayi sabulu isasshe, da sabuwar reza wadda ba a taɓa buɗewa ba, da audugar mata in kana da hali. In babu, tsofaffin zannuwa sun isa, muddin an wanke su da sabulu, an shanya a rana, an ninke an rufe. Ƙazamin tsumma ya kashe mata da yawa da zazzaɓin jego. Gidan sauro kuma a ɗaura shi tun kafin ta haihu.

Abin da ya fi duka, ka ɗaure kuɗin hanya a wuri dabam, kada ka taɓa. Littafin Farawa, sura 35, ya ba mu labarin Rahila, matar da Yakubu ya fi ƙauna, wadda ta mutu wajen haihuwa a kan hanya, kusa da Baitalahmi. Ƙaunar miji ba ta cece ta ba. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa, tana kuwa iya gama aikinta cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka mafi kyau matarka ta haihu a asibiti, ko a hannun ma'aikaciyar lafiya. A shekara ta 2013 gwamnatin Jihar Sakkwato ta soma raba wa masu haihuwa a gida ƙwayoyin tsai da jini da a ke kira misofurostol, tare da man shafa wa cibiyar jariri. Ka tambaya a wurin awo ko za a ba ku. Amma ka riƙe wannan da kyau: ana shan ƙwayoyin bayan yaro ya fito, bayan an tabbata babu na biyu a ciki. Shan su kafin haihuwa yana iya yaga mahaifa.

Akwai babban asibiti a Tambuwal, akwai kuma a Kebbe. In abin ya fi ƙarfinsu sai Sakkwato, wajen mil 60 daga Tambuwal. Ka yi magana da mai mota tun da wuri, ka san ƙofar gidansa, ka kuma sami ɗan'uwa ko aboki wanda ya yarda zai ba da jini in an bukata. In ƙauyenku da nisa, ko hanyar ba ta biyuwa da dare, ka kai ta gidan wani amintacce a cikin gari kafin watanta ya cika. Bayan haihuwa kuma, in ka ga jini yana jiƙa zane bayan zane, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ciwon kai mai tsanani da duhun gani, ko jijjiga, ko kumburi da haki har ba ta iya kwanciya, ka yi addu'a kana tafiya. Kada ka zauna jiran gari ya waye, kada kuma ka nemi laya ko hayaƙi. Allah wanda ka ke roƙo shi ne ya ba likita sani.

Za ka ce, ina zan sami kuɗin wannan duka, ga ragon suna? A nan ne mu ke ganin mutane suna juya abu a baibai. Mutum ya ci bashi ya sayi rago da goro da sabuwar riga domin rana ta bakwai, rana ta goma kuwa mai jego tana shan farau-farau. Ka dubi Yusufu mijin Maryamu. Shari'ar Musa, cikin Littafin Firistoci sura 12, ta sa wa macen da ta haifi namiji kwana 40, daga nan ta kawo ɗan rago da tsuntsu ɗaya, amma matalauciya ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu. Luka ya shaida mana, cikin sura 2, cewa hadayar matalauta aka kawo domin Ubangijinmu Yesu Kristi. Yusufu bai ci bashi domin bakin mutane ba. In kana da halin rago bayan ka cika na matarka, ka yanka da godiya, ka kira maƙwabta. In ba ka da shi, sunan da aka raɗa da addu'a bisa kunu da ƙosai suna ne cikakke.

Akwai tanadin da ba a saye a kasuwa, shi ne hutu. Sa'ad da Isuwa ya ce da Yakubu su yi tafiya tare, Yakubu ya roƙi a bar shi ya bi a hankali, domin dabbobi masu shayarwa, in an kore su da ƙarfi ko da rana ɗaya, za su mutu. Kowane makiyayi a ƙasar Kebbe ya san wannan game da tunkiyarsa. Matarka fa? Kada ta koma surfe da daka da jan guga da sati biyu. Ka kai hatsi inji, ka ɗebo ruwa da kanka, ko da samari sun yi maka dariya. Kada ka neme ta sai jikinta ya warke, ita kuma ta yarda. Ka mai da ita awo cikin kwanakin fari, da kuma a mako na shida, ko da tana cewa lafiya lau ta ke.

Kalma ta ƙarshe ga ikilisiya ce. Bisa al'ada, mai cikin fari ta kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, uwa ko gwaggo ta yi mata wanka har ta yi arba'in. Amma a cikinmu akwai waɗanda danginsu suka juya musu baya saboda sunan Yesu. Irin wannan yarinya ba ta da inda za ta. Ku dattawa, ku san ta tun cikinta yana wata shida, ku tambayi mijin abin da ya tanada da abin da ya rage. Ku iyayenmu na zumuntar mata, ku raba kwanakin arba'in a tsakaninku, wannan ta kwana da ita makon fari, wancan ta ɗauki wanki, wata ta kawo mudun wake. In kuwa uwarta ta huce ta zo da kanta, ku tashi ku ba ta tabarma, ku bar mata wurinta kusa da ɗiyarta.