Durom ɗin Baba Mai Tuta

A shekarun da ake sake ginin hanyar Kano zuwa Zariya, aikin da aka soma a 2018, an rufe hannu ɗaya a wurare da dama, masu zuwa da masu komowa suka koma cuɗanya a hannu guda. Kusa da Kwanar Gafan, inda kasuwar tumatir ke ci da rani, akwai wani tsoho cikin leburorin hanya wanda aikinsa riƙe jan ƙyalle kawai. Ana ce masa Baba Mai Tuta.

Ran nan da la'asar sakaliya, hazon hunturu ya sauko, sai wata tirela maƙare da kwandunan tumatir ta kife a gefen titi. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, karen motar ne kaɗai ya karye a hannu. Tumatir ya malale a kan kwalta, jama'a suka karyo ganye suka jera kamar yadda aka saba.

Ba a jima ba sai ga motar wani gidan talabijin daga Kano. Wani saurayin ɗan jarida ya fito da makirufo, mai kyamara na biye da shi. Ya zaga ya zaga, ya zaɓi bakin kwalta daidai inda tirelar za ta fito sosai a bayansa, ya juya wa motocin da ke tahowa daga Zariya ƙeya, ya gyara hula.

Baba ya matso ya yi sallama, ya ce, "Ɗana, nan za ka tsaya?"

Saurayin ya ce minti biyar kawai yake buƙata, edita na jiran rahoto kafin labaran dare. Ya roƙi tsohon ya tsaya can gaba ya kaɗa musu ƙyallensa. Baba ya yi murmushi ya ce ai ƙyallen roƙo yake yi, bai taɓa riƙe tayar mota ba. Ya ƙara da cewa direba in ya hango motar da ta faɗi, ita yake kallo, kuma inda ido ya karkata nan sitiyari ke bi. Ga tsantsin tumatir, ga hazo, ga waɗanda suka kwana biyu a hanya daga Legas barci na fizgarsu.

Tsohon bai yi boko ba, amma lissafi na bayansa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, tirela mai kaya kuwa ko an taka birki sai ta yi tafiya kafin ta yarda.

Mai kyamara ya ce sun ɗauki hoto a wuraren da suka fi nan haɗari, kuma rana na faɗuwa. Wayar saurayin ta yi ƙara a aljihu, edita ne. Bai ɗauka ba. Ya dubi tirelar, wadda in ya bar wurin nan sai dai ta fito 'yar ƙarama daga nesa. Ya tuna wata uku ke nan da ɗaukarsa aiki, kuma akwai masu jiran kujerarsa. Sannan ya dubi tsohon, sai ya lura da abin da bai lura da shi ba tun farko: duk maganar nan da suke yi, Baba bai kalli fuskarsa ba ko sau ɗaya. Idonsa na kan hanyar Zariya, ƙafarsa ɗaya na wajen kwalta.

Ya tambaye shi shekara nawa ya yi a bakin titi. Baba ya ce tun kafin a kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988, kuma abokan da suka fara tare ba duka ne tsufa ya same su ba.

Saurayin ya yi shiru. Can ya ce wa mai kyamara ya naɗe kayansa, su hau tsibin jar ƙasar da ke bayan kwalbati. Baba kuma ya mirgino wani durom mai jan fenti ya kafa shi daidai inda aka tashi.

Aka ɗauki rahoto daga kan tsibi. Motoci suka yi ta wucewa, ko ƙurar durom ɗin ba wadda ta taɓa. Mai kyamara ya yi mita har Kano. Edita ya kalli hoton ya tambaya ko daga jirgin sama suka ɗauko shi, ofis ya ɗauki dariya, aka rage rahoton saura rabin minti.

Washegari aka tura su Zariya wani aikin. Da suka iso inda tirelar ta kife, mai kyamara ya sa direba ya tsaya, ya nuna durom yana nan daram, ya ce wa tsohon, "Baba, ga mutuminka ko ƙwarzane babu. Jiya ka sa an yi mana dariya a banza."

Baba ya amsa gaisuwa tukuna, ya tambayi gajiya. Sannan ya ce wannan ai na asuba ne, shi ne na uku. Na jiya wata tanka ta kwashe shi bayan isha, na biyu kuma wata bas ce da tsakar dare. In suna son ɗaukar hotonsu, suna can cikin kwalbati.

Mai kyamara ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga ƙyalle ya ce, "Samari, ku ɗan sauke motarku daga kwalta, sai mu ƙarasa gaisawa."