Cacar Wayar Hannu: Ko Lasisi Ya Halatta Ta?

Maganarmu ta wannan mako a kan caca ce, amma ba irin ta da ba, wadda ake shimfiɗa tabarma a bayan kasuwa a raba karta. Ta yanzu a aljihu take. Saurayi yana zaune a Kurawa, ko Isa, ko Sabon Birni, sai ya danna waya ya zuba kuɗi a kan ƙwallon da ake bugawa a Ingila, ba wanda ya gan shi.

Waɗansu suna cewa ai kamfanonin nan suna da lasisin gwamnati. To, wace gwamnatin? A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar caca ta Tarayya ta 2005 ba ta aiki sai a Abuja, watau kowace jiha ita ke da iko da wannan al'amari a ƙasarta. Jihar Sakkwato kuwa tun 2000 ta rungumi Shari'a. Ashe takardar da aka bayar a Ikko ba ta wanke mutumin Gobir ba.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan wuya. Wani zai ce, "Malam, manomi ma yana zuba iri bai san ko damina za ta yi kyau ba, me ya raba mu?" Tambayar ba ta banza ba ce, gama kasada tana cikin noma da fatauci duka. Amma idan manomi ya dace, gero ya ƙaru a duniya, ba wanda aka raba da nasa. Mai caca kuwa in ya ci, kuɗin 'yan'uwansa da suka faɗi ya kwasa, bayan kamfani ya cire rabonsa. Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, bai musanta ɗan amfanin da ke cikinta ba, sai dai ya bayyana cewa zunubin ya rinjaya, sa'an nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90, ya haɗa ta da giya ya yi umurni da a nisance su.

A 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan caca, amma waya ba ta da ƙofar da za a garƙame. Saboda haka sai maganar ta komo kan mai POS na bakin tasha, wanda yaro ke miƙa wa kuɗin akuyar uwarsa ya ce a zuba masa a asusun caca, shi kuwa ya karɓa yana sane, ya cire ladansa.